Dogara ga Allah Kamar Ƙaramin Yaro: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu bi suka fi yi duk lokacin da aka yi wa'azi a kan Matiyu 18 ko Zabura 131. Amsoshin daga Littafi Mai Tsarki muka ɗauko su, kuma inda maganar take buƙatar matakai mun kawo su dalla-dalla.

Me Yesu yake nufi da ya ce sai mun zama kamar ƙananan yara?

A fara duba abin da ya jawo maganar. Markus 9:33-34 ya nuna cewa a Kafarnahum ne, a cikin gida, bayan almajirai sun sha gardama a hanya a kan wane ne babba a cikinsu. Da Yesu ya tambaye su abin da suke muhawara a kai, sai suka yi tsit. Daga nan ya kira ƙaramin yaro, ya tsayar da shi a tsakiyarsu, ya ce in ba su juyo sun zama kamar yara ba, ba za su shiga Mulkin Sama ba (Matiyu 18:1-4).

Mutane da yawa sun ɗauka tsabtar zuciyar yara yake yabo. Duk wanda ya taɓa rainon yara ya san akwai rowa da kishi da ƙarya a cikinsu tun kafin su iya ɗaura wando. Abin da yaron nan yake da shi wanda almajirai suka rasa shi ne matsayinsa: ba dukiya, ba sarauta, ba a neman shawararsa, kuma ba ya jin kunyar miƙa hannu ya karɓa. Shi ya sa aya ta 4 ta ce duk wanda ya ƙasƙantar da kansa kamar yaron nan shi ne babba.

Markus da Luka sun ƙara fito da wannan ta yadda suka jera labarai. A Markus 10:13-16 an kawo wa Yesu yara, almajirai suka kwaɓi iyayen, shi kuwa ya ji haushi, ya ce Mulkin Allah karɓarsa ake yi kamar yadda yaro yake karɓa. Luka 18:15 ma ya ce har da jarirai aka kawo. Nan da nan sai ga mai arziki ya taso yana tambayar abin da zai yi ya gaji rai madawwami, ya tafi da baƙin ciki. An sa wa jariran da ba su kawo komai ba albarka, wanda hannuwansa suke cike kuwa ya kasa karɓa.

Wannan ba ya nufin mutum ya daina tunani, ya yarda da duk abin da aka gaya masa?

A'a. Bulus ya raba abubuwan biyu a 1 Korintiyawa 14:20: wajen mugunta ku zama jarirai, wajen tunani kuwa ku zama manya. A Afisawa 4:14 ya yi gargaɗi kada mu ci gaba da zama yara waɗanda kowace iskar koyarwa take kaɗawa. An yaba wa mutanen Biriya don suna bin Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus da kansa yake faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11).

Yaro mai hankali ya san muryar ubansa, ba ya bin kowane baƙo. Idan wani mai wa'azi ya ce maka yin tambaya rashin bangaskiya ne, ko ya ce ka kawo kuɗi ka yi shiru domin haka 'ya'yan Allah suke yi, to kansa yake so ka dogara gare shi. 1 Yahaya 4:1 ta umarce mu mu gwada ruhohi, kuma ba a cire kowa daga wannan gwaji ba.

Me ya sa Zabura 131 ta yi maganar yaron da aka yaye, ba jariri mai shan nono ba?

Wannan zabura ayoyi uku ce kawai, tana cikin waƙoƙin hawa 15, daga Zabura 120 zuwa 134, kuma kan maganarta ya danganta ta ga Dauda. A aya ta farko mai waƙar ya ce zuciyarsa ba ta ɗaga ba, idonsa bai yi sama ba, ba ya kuma tsoma kansa cikin al'amuran da suka fi ƙarfinsa. A ta biyu ya ce ya kwantar da ransa, ya sa shi ya yi shiru, kamar yayayyen yaro a jikin uwarsa. A ta uku ya juya ga Isra'ila ya ce su sa zuciya ga Ubangiji.

Jariri mai shan nono, da zarar an ɗauke shi, sai ya shiga lalube yana neman abin da ya kawo shi. In bai samu ba ya ɓarke da kuka. Uwa a wurinsa ita ce hanyar ƙoshi. Yaron da aka yaye kuwa ya riga ya sha kukansa, ya yi fushi, an hana shi abin da yake ganin ba zai rayu ba sai da shi, ya kuma gane cewa bai mutu ba, uwar ma ba ta guje shi ba. Yanzu yana iya hawa cinyarta ya kwantar da kai a ƙirjin da dā yake kokawa da shi, ya zauna lafiya, ba don za a ba shi wani abu ba.

A zamanin Tsohon Alkawari ba a saurin yaye. Hannatu sai da ta yaye Sama'ila sannan ta kai shi Shilo ta bar shi wurin Eli (1 Sama'ila 1:22-28), wato ya isa a bar shi a hannun wasu. Ibrahim kuma babban biki ya yi ranar da aka yaye Ishaku (Farawa 21:8). Saboda haka yaron Zabura 131 yana tafiya, yana magana, yana da ra'ayinsa, kuma yana tuna abin da aka hana shi.

Abu biyu ne za a ɗauka a nan. Na farko, mai waƙar bai ce natsuwa ta faɗo masa daga sama ba, cewa ya yi shi ne ya kwantar da ransa, wato akwai aikin da ake yi. Na biyu, sabon mai bi sau da yawa yakan ga amsar addu'a da sauri, yakan ji daɗi a sujada, daga baya abin ya ragu sai ya ɗauka Allah ya juya masa baya. Mai yiwuwa yaye ne. Amma a yi hattara da wannan magana: mutum yana iya faɗa wa kansa haka, ba daidai ba ne ka je gidan makoki ka ce wa wadda ta binne ɗanta Allah yana yaye ta.

Hutawa cikin Allah ba wata hanya ce ta zaman kashe wando ba?

Nassi bai yarda da wannan fassara ba ko kaɗan. Da maƙiya suka ƙulla za su far wa masu ginin garun Urushalima, Nehemiya 4:9 ta ce mutanen sun yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu gadi dare da rana. A bakin Bahar Maliya Musa ya ce wa jama'a su tsaya shiru, Ubangiji zai yi yaƙi dominsu, a aya ta gaba kuwa Allah ya ce masa ya faɗa wa Isra'ilawa su kama hanya (Fitowa 14:13-15). Yusufu, da ya san yunwa tana tafe, ya ba da shawara a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara 7 (Farawa 41:34-36). Ko a Matiyu 11:28-30, inda Yesu ya yi alkawarin hutu ga masu gajiya, karkiya ya ce su ɗauka, karkiya kuwa kayan aiki ce.

Labarin manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16 ya fi kowanne nuna inda iyakar take. Dole kowa ya fita da safe ya tara kafin rana ta narkar da ita, awo ɗaya ga kowane mutum. Wanda ya ɓoye ragowa don tsoron gobe, sai ta yi tsutsa ta yi wari. A rana ta shida aka ce su tara ninki biyu, wannan kuwa bai lalace ba, waɗanda suka fita nema a rana ta bakwai ba su sami komai ba. Rago ya kwana da yunwa, mai haɗama ya tashi da ruɓa, kuma haka aka yi ta yi shekara 40.

A tarihin ikilisiya an taɓa koyar da cewa cikakken mai bi ya daina kowane ƙoƙari, har da roƙo da yaƙi da jaraba. A 1687 Ikilisiyar Katolika ta Roma ta haramta koyarwar wani firist mai suna Miguel de Molinos a kan wannan. A ɗaya gefen kuma akwai George Müller (1805-1898), wanda ya riƙe marayu kusan 10,000 a Biristol ta Ingila ba tare da roƙon kowa kuɗi ba sai Allah. Ana yawan ba da labarin addu'arsa, ba a cika faɗin cewa yana rubuta lissafin kowace kyauta, yana fitar da rahoto duk shekara ba.

To, a aikace, yaya ake miƙa wa Allah damuwa?

Filibiyawa 4:6-7, wadda Bulus ya rubuta yana ɗaure, ta ba da tsarin: addu'a, roƙo, godiya, da sanar da Allah bukatu. Ga yadda za a iya yinsa cikin minti 15, da takarda da alƙalami, kafin a taɓa waya.

Fara da karanta gajeren Nassi da murya, a hankali, sau biyu. Zabura 131, 23, 62 ko 121 sun isa. Dalilin farawa da wannan shi ne, in ka fara da matsalarka, ita za ta cika minti 15 ɗin.

Sai ka rubuta abin da yake damunka da sunansa. "Rayuwata ta rikice" ba suna ba ne. "Kuɗin haya ya cika ranar 30, rabinsa kawai nake da shi" shi ne suna. Kada su wuce biyar a zama ɗaya.

Ja layi ka raba takardar biyu. A dama ka sa abin da yake hannunka yau: kiran wanda kake bin bashi, neman gafarar wanda ka ɓata wa, zuwa gwajin asibiti. A hagu ka sa abin da ba ya hannunka: ko zai biya, ko zai yafe, abin da gwajin zai nuna. Yawancin damuwa tana da rabo a kowane gefe, kuma wahalar mutane ita ce suna kwana a kan na hagu suna ɗage na dama.

Ɗauki na hagu ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa wa Allah abin da kake so a fili, ba kwana-kwana, sannan ka ce ka bar shi a hannunsa. Na dama kuwa ka sa wa kowanne lokaci a ranar. Ka rufe da godiya a kan abubuwa uku takamaimai daga jiya. Ka ajiye takardun, bayan wata ɗaya ka sake duba su. Za ka ga waɗanda aka amsa, da waɗanda ba su ma faru ba, da waɗanda har yanzu suna nan.

Nakan yi haka, amma kafin awa ɗaya damuwar ta dawo. Ina na kuskure?

Dawowarta ba shaidar cewa ba ka miƙa da gaske ba ce. Tunanin da aka shekara ana bi ba ya gushewa a safiya ɗaya. In ta dawo, kada ka sake buɗe shari'ar. Jimla ɗaya ta isa: "Uba, wannan na riga na ba ka." Sai ka koma kan aikin da ke gabanka, ko da za ka faɗi haka sau 20 a yini.

Akwai dai abubuwan da suke hana ta tafiya. Wani addu'arsa damuwa ce da aka sa wa "ya Ubangiji" a gaba: yana ta zayyana wa Allah yadda abin zai lalace har ya tashi ya fi dā firgita. Maganinsa a taƙaita roƙon, a tsawaita karatu da godiya. Wani kuma ya miƙa matsalar amma ya riƙe hanyar warware ta da ranar da za a warware, saboda haka duk abin da ya kauce wa tsarinsa sai hankalinsa ya tashi. 1 Bitrus 5:6-7 ta haɗa ƙasƙantar da kai da zuba wa Allah damuwa a jimla ɗaya, domin girman kai ne yake sa mutum ya ga in ba shi ya riƙe ba komai zai zube.

Na uku, akwai rashin kwanciyar rai da ba damuwa ba ce, lamiri ne. Dauda ya ce lokacin da ya yi shiru a kan zunubinsa ƙasusuwansa sun lalace, sai da ya furta ya sami sauƙi (Zabura 32:3-5). Wanda ya ci amanar wani, ba ayar ta'aziyya yake bukata ba, tuba da mayar da haƙƙi yake bukata.

Ba na iya barci. Rashin bangaskiya ne?

Ba lallai ba. Gaskiya ne Nassi ya haɗa barci da dogara. Dauda ya ce ya kwanta ya yi barci ya farka, a zaburar da ta shafi gudunsa daga ɗansa Absalom (Zabura 3:5). Bitrus yana barci tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa biyu, a daren da Hirudus zai fito da shi, har sai da mala'ika ya buge shi a kwiɓi ya farka (Ayyukan Manzanni 12:6-7). Amma masu zabura da yawa sun yi maganar dararen da suka jiƙe shimfiɗa da hawaye, ba a kuma kore su daga cikin masu bi ba.

Dubi yadda Allah ya yi da Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Ba a yi masa wa'azi ba. Ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sake tashe shi ya ci. Maganar ta zo daga baya, a Horeb.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Ka yi rubutun damuwarka awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ba a kan gado ba. Ka bar shan abin da yake hana barci daga tsakar rana, ka ajiye waya nesa da hannu. In ka kwanta kusan minti 20 ido biyu, tashi ka zauna a haske kaɗan, ka maimaita zaburar da ka haddace har barci ya fara ɗaukarka. Wannan ne amfanin hadda: ƙarfe 3 na dare ba ka bukatar kunna fitila.

Mahaifina bai riƙe ni da kyau ba. In na ji an ce Allah Uba ne, sai gabana ya faɗi. Yaya zan yi?

Kada ka tilasta wa bakinka. Fara da sunayen da zuciyarka take iya ɗauka: Makiyayi, Mafaka, Dutse. Nassi ma bai tsaya ga siffar uba kaɗai ba. A Ishaya 49:15 Allah ya ce ko mace ta manta da ɗan da take shayarwa, shi ba zai manta ba, a 66:13 kuma ya ce zai ta'azantar kamar yadda uwa take yi. Zabura 27:10 ta yi maganar wanda uwa da uba suka yashe.

Sannan ka juya ma'aunin. Ba mahaifinka ne zai gaya maka yadda Allah yake ba. Yesu ya ce wanda ya gan shi ya ga Uban (Yahaya 14:9), don haka ka karanta bishara ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kana lura da yadda yake yi da marasa ƙarfi. Wannan rauni ba ya warkewa a mako guda, kuma yana da kyau a sami dattijo ko dattijuwa mai riƙon amana a ikilisiya, ko ƙwararren mai ba da shawara, a yi tafiyar tare.

Idan na dogara, abin da nake tsoro ya faru fa?

Yana iya faruwa, kuma duk wanda ya ce maka ba zai faru ba ya wuce abin da aka rubuta. Babin da aka kuɓutar da Bitrus daga kurkuku, a farkonsa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi (Ayyukan Manzanni 12:2). Ba a ce bangaskiyar ɗaya ta fi ta ɗayan ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jiki, aka ce masa alheri ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:7-9). Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18).

A Getsamani Yesu ya kira Allah Abba, ya ce kowane abu mai yiwuwa ne gare shi, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon shan wuya, ya kuma ce ba nufinsa ba sai na Uban (Markus 14:36). Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Duk koyarwar da ta mai da dogara ta zama dabarar samun abin da kake so, a nan take karyewa.

An yarda in yi kuka, in tambayi Allah don me?

An yarda. Zabura 13 ta tambayi "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu. Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu ba tare da juyawa zuwa yabo ba, kuma an bar ta a cikin Littafi. Gunagunin da aka hukunta a jeji shi ne na Isra'ilawan da suka juya wa Allah baya suna zancen komawa Masar. Kukan masu zabura kuwa gaban Allah suke kai shi.

Ba na jin komai a addu'a. Har yanzu ina dogara ke nan?

Ji yana hawa yana sauka da yunwa, gajiya da lafiyar jiki. Tereza ta Lisiyu a Faransa, wadda aka fi sani da koyar da zama ƙaramin yaro a gaban Allah, ta rasu a 1897 tana da shekara 24, bayan tarin fuka ya cinye ta, kuma kusan shekara ɗaya da rabi na ƙarshen ranta cikin duhun shakka ta yi su. Mahaifin wani yaro mai aljan a Markus 9:24 ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa ya warkar da ɗansa a kan haka. Abin dubawa shi ne inda ƙafarka take zuwa: kana buɗe Littafi, kana zuwa zumunta, kana yin abin da ka san daidai ne?

Yaushe ya kamata a je wurin likita?

Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, idan cin abinci da barci sun rikice har aiki ya gagara, ko idan faɗuwar gaba tana zuwa da bugun zuciya da sarƙewar numfashi. Wasu cututtukan jiki, kamar na maƙoƙo da ƙarancin jini, suna iya kawo irin waɗannan alamu, gwaji ne kawai yake nuna su. Idan tunanin kashe kai ya shigo, ba a jira mako biyu, a gaya wa wani a ranar, a nemi taimakon gaggawa, kada kuma a bar mutumin shi kaɗai.

Ishaya, wanda ya kawo wa Hezekiya saƙon ƙarin shekara 15, shi ne kuma ya ce a shafa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:5, 21), Bulus kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14). Wanda aka ɗora a kan maganin damuwa kada ya daina sha farat ɗaya don ya nuna bangaskiya, domin yanke irin wannan magani haka nan yakan jawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon. Likitan da ya rubuta shi ne zai tsara yadda za a rage shi a hankali.